Ɗauri ko magani: Inda muhawarar masu shan ƙwaya ke cijewa

Duk lokacin da aka tayar da maganar daina ɗaure masu shan miyagun ƙwayoyi, jama'a kan rabu gida biyu. Wasu na ganin buɗe wa matasa ƙofar lalacewa ne, wasu kuma na cewa gidan yari bai taɓa raba mutum da jarabar ƙwaya ba. Sai dai abin da ya faru a wuraren da aka gwada tsarin ya nuna cewa nasararsa ta rataya ne a kan abin da gwamnati za ta yi bayan ta sauya doka.

Ƙasar Fotugal ce aka fi kafa misali da ita. Tun daga shekarar 2001, wanda aka kama da ƙwayar da ba ta wuce ta shan kwana goma ba, ba a gurfanar da shi a kotu. Ana tura shi gaban wani kwamiti na masanan shari'a da lafiya da jin daɗin jama'a, wanda zai iya cin tararsa ko ya haɗa shi da masu magani. Ƙwayar tana nan a matsayin haramtacciya, kuma dillali na fuskantar ɗauri kamar da. Gwamnati ta faɗaɗa cibiyoyin jinya, lamarin da ya sa sabbin masu kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allura suka ragu ƙwarai.

Jihar Oregon ta Amurka ta bi sahu a watan Nuwamban 2020, inda masu zaɓe suka amince a maye gurbin ɗauri da tarar Dala 100. Amma kuɗin da aka ware wa cibiyoyin jinya sun yi jinkirin isa gare su, a daidai lokacin da ƙwayar fentanil ke bazuwa. Da shaye-shaye a bainar jama'a ya yawaita a birnin Portland, sai 'yan majalisar jihar suka dawo da hukuncin a 2024. An rushe tsohon gini ke nan tun ba a aza harsashin sabo ba.

A Afirka ta Yamma ma maganar ba sabuwa ba ce. A 2014 wani kwamiti da tsohon Shugaban Ƙasa Olusegun Obasanjo ya jagoranta ya ba da shawarar a ɗauki shan ƙwaya a matsayin matsalar lafiya, a kuma mayar da hankali kan manyan masu fatauci. Ghana ta ɗauki wani ɓangare na shawarar a 2020, inda ta sanya tara a madadin ɗauri ga wanda aka kama da ƙwayar da zai sha.

Najeriya kuwa ta fi karkata ga tsanantawa. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu fatauci, kafin daga baya a mayar da shi ɗaurin rai da rai. Alhali binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a ƙasar cikin shekara guda. Babu gidajen yarin da za su ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi, kuma cibiyoyin jinyar gwamnati ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa iyaye da yawa ke kai 'ya'yansu gidajen mari.

A nan ne ake gane aniyar ɗan siyasa. Kiran a tsananta hukunci ba ya cin ko sisin kwabo, kuma yana jawo tafi. Gina cibiya da ɗaukar likitocin ƙwaƙwalwa da koya wa waɗanda suka warke sana'a kuwa na buƙatar kuɗi duk shekara, ga shi ba a cin moriyarsu kafin zaɓe mai zuwa. Don haka duk mai neman a sassauta doka, ko a tsananta ta, ya kamata a fara tambayarsa nawa ya ware wa jinya a kasafin kuɗi, kuma nawa aka saki.