FINAFINAN DA NA KALLA A SHEKARA GUDA: KIRA GA DATTAWA DA IYAYE



Duk lokacin da maganar kallon fim ta taso a taron dattawa, ra'ayi biyu nake ji. Wasu su ce fim aikin Shaiɗan ne gaba ɗaya, a hana shi. Wasu kuma su ce in dai na bishara ne babu laifi, a bar yara su yi ta kallo. Ra'ayoyin nan sun yi hannun riga, amma abu guda ya haɗa su, wato babu wanda yake bukatar dattijo ya zauna ya kalli wani abu da idonsa. Hanin kuwa ya riga ya gagara, domin fim ya bar gidan kallo ya koma cikin wayar da ke aljihun yaro, kuma da 'yan kuɗi kaɗan mai shagon cajin waya zai cika masa ita.

Tun da gani ya kori ji, na ɗaukar wa kaina kallon fim 2 kowane wata daga Janairu zuwa Disamba, 24 ke nan, yawancinsu waɗanda na ji membobinmu suna yawan ambata, ina rubuta abin da na gani a wani ƙaramin littafi. Ba zan lissafta su duka ba. Abin da na fito da shi shi ne: sunan da aka laƙaba wa fim ba ya gaya mana abin da zai shuka a zuciya. Akwai fim mai ambaton sunan Yesu daga farko har ƙarshe wanda tsoro kaɗai ya bari a zuciyata, akwai kuma wanda ba ikkilisiya ce ta shirya shi ba amma ya sa ni durƙusa da addu'a.

Zan fara da finafinan da aka ɗauko daga Littafi Mai Tsarki. Fim ɗin Yesu na 1979, wanda da yawa daga cikinmu muka fara gani da majigi a filin ƙauye, har yanzu shi ne na fi amincewa da shi. Ya bi Bishara ta hannun Luka kusan sawu da sawu, an fassara shi zuwa harsuna fiye da 2,000, har da Hausa. Tafiyarsa a hankali take, matasa suna cewa ya tsufa, amma tsohuwar da ba ta iya karatu ba za ta tashi daga gabansa da maganar Luka a kunnenta. The Ten Commandments na 1956, wanda Charlton Heston ya fito a matsayin Musa, ya fi shi ƙawa nesa ba kusa ba, kuma wurin rabuwar teku har yau yana ta da tsigar jiki. Sai dai an cusa masa labarin soyayya tsakanin Musa da wata gimbiyar Masar, abin da babu shi a Littafin Fitowa. Musan fim ɗin kuma gwanin magana ne, alhali a Fitowa 4 Musa da kansa ya kawo kukan nauyin baki, har Allah ya haɗa shi da Haruna. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, gama darasin da ke wurin shi ne Allah yana aiki da rarrauna.

The Passion of the Christ na Mel Gibson, wanda ya fito a 2004, na kalle shi a makon Ista. An yi shi da harsunan Aramiya da Latin, ya kuma tsaya a kan sa'o'i 12 na ƙarshe kafin mutuwar Ubangiji. Bayan na gan shi, karanta Ishaya 53 ya yi mini nauyi fiye da dā. Amma tashin Almasihu daga matattu bai samu ko minti 5 ba a cikinsa, jinin kuwa ya fi ƙarfin ƙananan yara. Sai The Chosen, mai dogon zango, wanda Dallas Jenkins ya fara fitarwa a 2019. Ya nuna almajirai a matsayin mutane irinmu, masu dariya da gardama da gajiya, wannan kuwa ya yi mini daɗi. Masu shirya shi sun faɗa tun farko cewa sun ƙara abubuwa, amma mai kallo ba ya riƙe wannan. Sun ba matar Bitrus suna, sun ɗora masa bashin haraji, alhali Markus 1 surukarsa mai zazzaɓi kawai ya ambata. Na riga na ji wani matashi yana kawo bashin Bitrus a nazarin Littafi Mai Tsarki kamar aya ce. Hoto ya fi rubutu kama zuciya, saboda haka wanda ya kalli fim sau 5 ya karanta nassin sau ɗaya, fim ɗin ne zai zama masa nassi.

Rukuni na biyu shi ne wanda ya fi damuna, wato finafinan bishara na ƙasarmu. Ba na raina aikin da aka yi. Ƙungiyar Mount Zion ta Mike Bamiloye, wadda aka kafa a 1985, ta nuna cewa Kiristan Nijeriya zai iya wa'azi da kyamara, kuma fim ɗinsu Agbara Nla ya shiga gidaje da yawa a shekarun 1990. Amma a bayan irin waɗannan masu kishin bishara, kasuwa ta cika da finafinai masu tafiya a kan hanya ɗaya. Mutum ya rasa aiki, ko matarsa ta yi ɓari, ko kasuwa ta karye. Sai a gano cewa uwar mijin ce, ko wata gwauruwa a ƙauye, ko yarinyar da ke aiki a gidan. A kwashe sa'a ɗaya da rabi ana nuna taron mayu da dare, da ƙwarya da jan ƙyalle, sa'an nan a minti 10 na ƙarshe wani mai wa'azi ya zo ya yi tsawa, tsohuwar ta faɗi ta mutu, mutumin ya sayi mota. Na kalli irin wannan har guda 6. A cikinsu ban ga inda aka kai mara lafiya asibiti ba, ban ga inda wani ya tuba daga zunubin kansa ba, ban kuma ga mai bi da ya sha wahala ya tsaya da aminci ba tare da ya yi arziki ba.

'Yan'uwa, ba na musun cewa akwai ikokin duhu, Afisawa 6 ta faɗa a fili. Amma Kolosiyawa 2 ta koya mana cewa an riga an kwance musu ɗamara a kan gicciye. Fim ɗin da ya ba mayu sa'a ɗaya da rabi ya ba Almasihu minti 10, wa ya ɗaukaka? Kada kuma mu ce ai wasa ne kawai. A 2008 gidan talabijin na Channel 4 a Ingila ya nuna wa duniya yaran jihar Akwa Ibom da aka kora daga gidajensu, wasu an ƙona su, wasu an yi musu dūka, saboda an ce su mayu ne, sau da yawa kuma daga bakin masu kiran kansu bayin Allah zargin ya fito. A shekarar ce jihar ta yi dokar da ta haramta jifan yaro da maita. Mu ma a nan ba baƙin wannan zargi ba ne. Kowane dattijo ya san shari'ar da aka taɓa kawowa gabansa, inda ake nuna wata gwauruwa da yatsa bayan mutuwar jariri. Idan muka bar waɗannan finafinai suna koyar da 'ya'yanmu kowane dare, wa'azin minti 40 na ranar Lahadi ba zai wanke abin da suka shafa ba.

Rukuni na uku finafinai ne da ba a rubuta musu sunan bishara ba. Hotel Rwanda na 2004 ya ba da labarin mutane fiye da 1,200 da suka fake a wani otal a Kigali lokacin kisan ƙare dangi na 1994, inda aka hallaka kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun yi gardama a kan yadda aka wanke manajan otal ɗin, wannan ma darasi ne cewa fim ba tarihi ba ne. Amma abin da ya hana ni barci shi ne sanin cewa yawancin mutanen Ruwanda Kirista ne, kuma an kashe dubbai a cikin majami'u, kamar a Nyamata da Ntarama. Baftisma ba ta hana su ba, domin ƙabila ta fi Almasihu zurfi a zuciya. Mu da muke taruwa daga ƙananan ƙabilu dabam dabam a ƙarƙashin rufi ɗaya, muna kuma gardama a kan ɗan wane yare ne zai zama ma'aji, ya kamata mu ji tsoron Allah.

Na kuma kalli The Imam and the Pastor na 2006, labarin gaskiya na Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa 2, daga baya suka yafe wa juna suka kama aikin sulhu tare. Ba sai mutum ya yarda da kowace magana da aka yi a ciki ba. Amma na yi shekaru ina wa'azi a kan ƙaunar maƙiyi daga Matiyu 5, ban taɓa iya bayyana ta kamar yadda ganin mutanen nan biyu a zaune wuri ɗaya ya bayyana ta ba.

Game da finafinan Hausa na Kano, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, matanmu da 'yan matanmu suna kallonsu sosai, tun da harshen da muke sujada da shi ke nan. Na ga raye-raye da aka kwaikwayo daga Indiya waɗanda ba su da amfani, na ga kuma ladabi ga iyaye da kunya a sutura da suka fi na wasu finafinan da ake kira na Kirista. A shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 an sa Kirista a cikin mutanen garin, ana zaman maƙwabtaka da su, na kuwa yaba wannan. Duk da haka, yarinyar da ta tashi a gidan mai bi a ƙauyen Kano ko Katsina ko Bauchi za ta yi shekara tana kallo ba ta ga gida irin nasu ba, inda ake addu'ar safe da Hausa, ake rera waƙoƙin zumuntar mata. Da Hausa tana ganin rayuwar maƙwabtanta, da Turanci tana ganin rayuwar Legas da Amurka. A hankali sai ta ɗauka cewa bangaskiyarta baƙuwa ce a harshenta. Laifin nan ba na mutanen Kano ba ne, su labarinsu suke bayarwa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mu ne muka yi shiru da tamu.

Na san wani dattijo zai ce, Fasto, lokacin da za a ba addu'a da ziyara shi za a ɓata a gaban talabijin? Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya ne akwai finafinan da ba su cancanci ko minti ɗaya ba, na kashe guda 3 tun ban kai rabi ba saboda batsa. Amma makiyayi yakan riga tumaki shiga saura ya ga irin ciyawar da ke ciki. Labari kuma ba baƙon abu ba ne a aikin Allah. Da labarin 'yar tunkiya annabi Natan ya karya zuciyar sarki Dawuda a 2 Sama'ila 12, Ubangijinmu ma da misalai ya koyar da taro. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne, amma sai in babban ya ɗaga kai ya duba.

Saboda haka ga shawarata. Na ɗaya, kada a nuna kowane fim a majami'a ko a taron matasa sai fasto ko dattawa 2 sun kalle shi tukuna, ko da an rubuta bishara a jikinsa. Na biyu, duk lokacin da aka nuna fim na Littafi Mai Tsarki, a karanta nassin kafin a kunna, bayan an gama kuma a tambayi masu kallo abin da aka ƙara da abin da aka rage. Na uku, iyaye su zauna su yi kallo tare da 'ya'yansu ko sau ɗaya a mako, su yi musu tambayoyi masu sauƙi: wa aka girmama a nan, wa aka sa mu ƙi, me aka ce shi ne albarka? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na huɗu, matasanmu da suke yin wasan kwaikwayo a Kirsimeti da Ista suna da baiwa, wayoyin da ke hannunsu kuma suna ɗaukar hoto mai kyau. Ikkilisiya ɗaya ba za ta iya ba, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan majami'u 5 ko 6 suka haɗa baiko na musamman, za a iya yin gajerun finafinai da Hausa da harsunanmu, a kan yadda bishara ta shigo garuruwanmu, da masu bi na fari da suka jure, tun tsofaffin da suka san labarin suna da rai.

Manzo Bulus ya gargaɗe mu a 1 Tasalonikawa 5 mu riƙa gwada abubuwa kafin mu riƙe su. Aikin gwajin nan a wuyanmu yake, mu da aka danƙa wa garke, za mu kuwa ba da lissafi a kansa. Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta sa maganar nan cikin abubuwan da za ta tattauna a zamanta na gaba.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye gidajenmu da 'ya'yanmu. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.