RA'AYINMU: A DUBI ƘAFA KAFIN A DUBI LAUNI

Jama'a, a kasuwannin dabbobi na bakin iyaka irin su Maigatari, babu cinikin da ake tafka asara a cikinsa kamar na ɗan dukushi. Makiyayin da zai ƙiyasta nauyin sa da ido bai kuskure ba, shi ne zai sallama dukushi da arha saboda bai san abin da ke hannunsa ba. Falke kuma ya zuba kuɗi a kan kili ko akawal don launi ya ɗauke masa hankali, bayan shekara ya wayi gari da gurgu a turke. Mu a ganinmu, wannan asara tana da magani.

Abu na farko shi ne shekaru, kuma baki ba ya ƙarya ko da dillali ya yi. Doki yana famfarar haƙoran gaba na tsakiya yana da shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe a shekara 4 da rabi. Sai ya kai shekara 5 bakinsa ke cika. Duk wanda aka ce masa doki ya isa aiki, to ya buɗe bakinsa ya gani.

Daga nan sai ƙafa. A tsayar da shi a ƙasa mai tauri, a dube shi ta gaba da ta baya. Gwiwoyi su kasance a miƙe, kofato ya zauna daidai ba tare da tsagewa ba. A sa yaro ya ja shi da ragama, ya tafi ya dawo, a lura ko ƙafa tana bugun 'yar'uwarta ko akwai ɗingishi. Idan kuturi ya ɗan fi kafaɗa tsawo, wannan ba aibu ba ne ga ɗan shekara 1 ko 2, girma ne bai gama ba. Amma karkatacciyar ƙafa a wannan shekaru, gero da harawa ba sa miƙe ta. In da hali a ga goɗiyar da ta haife shi, a tambayi ubansa, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sa'annan a tambayi kai: wane aiki aka haife shi dominsa? Dokin sukuwa yana son zurfin ƙirji, dogon taku da zafin zuciya. Masu ƙwallon dawaki na Kano, Katsina da Kaduna suna neman mai saurin tsayawa da juyawa, mai taushin baki, wanda sanda ba ta firgita shi, tun da kowane zagaye na wasan minti 7 ne na gudu da birki. Dokin hawan salla a Damagaram ko a fadar Lamiɗon Garwa kuwa, ƙira da taƙama ake bukata, da haƙurin jure kayan ado, tambari da ƙarar bindiga. Mai bin shanu a daji, nasa shi ne mai ƙarfin kofato da jure ƙishirwa. A kaɗa masa tsumma a gefe, a taɓa kunnensa, a ɗaga ƙafarsa; yadda ya karɓa zai nuna inda ya dosa.

Babban kiranmu shi ne haƙuri. Ɗan shekara 1 ya riga ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na tsayinsa, shi ya sa ake zaton ya isa. Alhali ƙashin gwiwarsa ba ya gama haɗewa sai wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, na gadon baya kuwa sai ya haura shekara 5. Wanda ya ɗora masa ƙato da sirdi, ya sa masa linzami mai kaifi ya shiga sukuwa tun yana ɗanye, ya karya jarinsa da hannunsa. A fara da ragama da kilisa, nauyi ya biyo baya sannu a hankali.

Makiyayi, kada ka sayar sai ka san abin da ka haifa a garkenka. Falke, kada ka saya sai ka ga baki da ƙafa.