Kacalla Ba Ta Mutuwa Da Saran Ganye

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kiwon kifin teku da murjani cikin akwatunan gilashi a ɗakunansu, don sha'awa kawai. Abin da ke hana su barci shi ne wata 'yar halitta mai suna Aiptasia, wadda ke shigowa a maƙale jikin dutse ba a sani ba, ta dinga harbin murjanin da ke kusa da ita har ya mutu. In mai akwati ya fusata ya kankare ta da wuƙa, to, ya jawo wa kansa, domin gutsuren da ya ɓalle yakan zama sabuwa. Saboda haka gwanayensu sukan bi ta ɗaya bayan ɗaya tun ba ta yi yawa ba, su ɗura mata kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa a baki, ko su saka wani irin jatan lande da ke cinye ta.

Mutumin Dambam ba ya da teku, ba ya kuma kiwon murjani. Amma yana da fadamun kogin Misau, wanda ake kira Komadugu Gana, inda masunta da masu lambu da makiyaya ke neman abinci. Akwai kuwa wata ciyawa mai hali irin na waccan halitta, wato kacalla, kuma nan ba maganar sha'awa ake yi ba, maganar tuwon iyali ce.

Wanda ke son ya ga ɓarnar kacalla sai ya dubi dausayin Haɗeja da Nguru. A da kogin Haɗeja yakan cika da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudana rani da damina. Kacalla kuwa ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ta mamaye gonakin shinkafa da wuraren su da makiyaya. Ta zama makwancin tsuntsayen jan baki masu cinye gero da dawa, kuma maɓoyar sauro da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya. Haka aka gani a kogin Sanagal bayan gina madatsar Diama a 1986.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sare ganyen daga sama, ko a cinna masa wuta da rani, a koma gida ana murna. Ran kacalla ba a ganye yake ba, yana cikin saiwar da ke rarrafe ƙarƙashin laka, wuta kuwa ba ta kai wa can. Ba a daɗewa sai ta tofo kamar ba a taɓa ta ba. In kuma aka farfasa saiwar aka bar gutsattsarin cikin ruwa, sai ruwa ya kai su gaba, su kafu a fadamar maƙwabci. Ga kuma 'ya'yanta masu kama da auduga, waɗanda iska ke ɗauka zuwa nesa.

Dabarar ita ce a san yadda take numfashi. Ganyenta da kararta ne ke kai iska zuwa saiwa. In aka sare ta ƙarƙashin ruwa, yadda ruwa zai rufe kututturen, sai saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Ana yin wannan kafin ta fitar da kai, a maimaita in ta sake leƙowa, a kuma kwashe abin da aka sare zuwa tudu. Ba ya zama asara: ana yin tabarma da jinka da shi, a Sanagal da Muritaniya ma har gawayi ake yi.

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ya kamata sarakunan ruwa da masu unguwanni, daga Dambam har Dagauda da Jalam, su sa ranar gayya duk shekara, a bi tafkuna da kududdufai a cire kowane cunkus tun yana ƙarami. Ƙaramar hukuma ta taimaka da lauje da takalman ruwa saboda tsargiya, malaman gona kuma su nuna wa jama'a inda ake sara. Masu tare ruwa don noman rani su ma su lura, domin duk inda aka hana ƙasa bushewa, an yi wa kacalla shimfiɗa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da matasa goma za su gama da hantsi a bana, in an yi sakaci sai ya gagari katafila baɗi waccan. Allah Ya tsare fadamun talakawa, Ya ba shugabanni ikon tashi tun da sauran lokaci, amin.