Mutum-mutumi ya riga mu iya hadda

A shekarar 1961 aka girka wani hannun ƙarfe mai suna Unimate a masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey ta Amurka. George Devol ne ya ƙirƙiro shi, Joseph Engelberger ya nema masa kasuwa. Aikinsa ɗaya tak: ya ciro ƙarfe mai zafi daga injin zubi, ya ajiye, ya koma ya sake. Aiki ne mai ƙona hannu da shaƙar hayaƙi, don haka ban ga abin kuka ba da na'ura ta karɓe shi.

Japan ce ta fara rungumar abin da gaske. Kamfanin Kawasaki ya sayi izinin ƙera shi a 1968, daga nan walda da fentin motoci suka riƙa komawa hannun na'ura. Yau Sin kaɗai na girka kusan rabin sababbin mutum-mutumin masana'antu na duniya a kowace shekara, Koriya ta Kudu kuwa tana da sama da 1,000 ga kowane ma'aikatan masana'antu 10,000. Sunan ma da Turawa suka ba shi ya fito ne daga wata kalmar harshen Cek mai nufin aikin tilas, abin da kakanninmu suka ɗanɗana zamanin Faransa.

To, me ya kai malamin lakwal cikin wannan zance? An daɗe ana cewa masana'antu za su biyo arhar lebura su iso ƙasashe irin namu, kamar yadda suka je Asiya. Amma in na'ura ta fi lebura arha, ba ta gajiya, ba ta yajin aiki, me zai sa mai kuɗi ya taso?

Abin da ya fi damuna yana cikin ajina. Ina koyar da waɗanda za su zama malamai gobe, kuma in na zauna bayan aji ina kallon gwajin koyarwarsu, abin da nake gani shi ne: rubuta, kwafe, maimaita. Laifina ne ni ma, haka aka koya mini, haka na koyar shekaru. Muna horar da yaro ya iya abin da Unimate ya iya tun 1961. Wanda ake nema a masana'antar yau shi ne mai gano dalilin da ya sa hannun ƙarfen ya tsaya, ya karanta zanen lantarki, ya sake masa umarni.

Makon jiya na kawo tsohuwar fanka aji, na ce su kwance ta su gaya mini me ya kashe ta. Da yawansu sun tsaya jiran in rubuta amsar a allo.