A Gayyato Malamin Falsafa, Amma Ya Leƙo Ajinmu

Ana ta maganar cewa jami'armu za ta gayyato wani malamin falsafa daga waje domin ya koyar a lokacin dogon hutu. Wasu 'yan ajinmu sun ce wannan ba ruwanmu, tun da mu Hausa muka zo karanta. Ni kuwa ina ganin da ruwanmu tsundum.

Ni ba Bahaushiya ba ce. Da Yarbanci na tashi, a aji na fara koyon Hausa. Kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce kunya. Ƙamus ya ba ni fassararta, na haddace, na ci jarrabawa. Sai da na zauna gidan wata ƙawata a Zariya, na ga mahaifiyarta ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sannan na san ban fahimci komai ba. Me ya sa ƙin faɗar suna zai zama girmamawa? Nahawu bai amsa mini ba. Irin wannan tambaya ce aikin masu falsafa.

Ai an taɓa fara aikin. A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, inda ya kawo halaye irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya. Kwasi Wiredu na Gana, wanda ya rasu a 2022, ya sha jan hankalin 'yan Afirka da su auna manyan tambayoyin falsafa da harsunansu na gida, kamar yadda shi ya yi da harshen Akan. To mu ɗauki kalmar gaskiya. Bahaushe na cewa magana gaskiya ce, yana kuma cewa wane mai gaskiya ne. Abu ɗaya ne, ko biyu? Zan so in ji masani yana kokawa da wannan a gabanmu, mu kuma muna kawo masa misalai daga karin magana da tatsuniya.

Tsorona shi ne a kawo baƙon, a kai shi babban ɗakin taro, ya yi mako shida yana Turanci kan Aflatun, mu 'yan harsuna muna leƙe ta taga. Akwai kuma maganar kuɗi. Dogon hutu shi ne lokacin da wasunmu ke neman na makaranta, wasu kuma ke tafiya Arewa su ji Hausa daga bakin masu ita. Idan aka sa wa darasin kuɗi mai tsada, 'ya'yan masu hali kaɗai za su zauna.

Don haka ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta rubuta wa shugaban sashe tun kafin a tsayar da jadawali. A ware mana zama biyu a mako, malamanmu su yi tafinta, kuma kada a karɓi ko kwabo daga ɗalibin da ya riga ya biya kuɗin shekara.