Zinariyar Obuasi ba ta sake tsirowa

A zangunanmu na Gana akan ji ana cewa zinariya dukiyar aljannu ce, tana gudu, tana kuma komawa ramin da aka bari. A ganina wannan magana tana cutar da mu, domin ita ke sa matashi ya ɗauka abin da ya haƙa zai sake haihuwa.

Duwatsun da masana ke kira Birimiyan, daga sunan kogin Birim, sun haura shekara biliyan 2. A wancan zamani ɓangarorin ƙasa suka yi ta matse juna har duwatsu suka tsage. Ruwa mai tsananin zafi ya taso daga ƙarƙashi ɗauke da narkakkiyar zinariya, ya bi tsagogin. Da ya huce, matsi ya ragu, sai ya ajiye ta tare da farin dutse. Jijiyoyin da ake bi a Obuasi tun 1897 ke nan. Ta Tarkwa dabam take: tsofaffin koguna ne suka wanko ta, nauyinta ya kwantar da ita cikin tsakuwa, tsakuwar ta daskare ta zama dutse.

Wadda ake tankaɗa a kogin Pra da Offin ɓurɓushi ne da zaizaya ta tara sannu a hankali. Masu galamse, har da 'ya'yanmu, suna kwashe shi da inji cikin 'yan shekaru, su bar zaiba a ruwan da garuruwa ke sha. Ban raina talaucin da ya kai su can ba. Amma duk mai ba da lasisi ya fara tilasta nisantar bakin kogi da cike rami kafin a buɗe wani.