Limamin Rabat a masallacin Roni: wa zai biya?

A watan Maris na 2015 Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya buɗe cibiyar horar da limamai a Rabat, kuma 'yan Najeriya na cikin masu zuwa. Ana koyar da fiƙihun Malikiyya da aƙidar Ash'ariyya da sufanci, don limami ya koma gida da sassaucin ra'ayi da fatawa mai duba halin jama'a. Kyauta ce, in ji su. To, a kawo alƙalami.

Malikiyya dai ba baƙuwa ba ce a Kazaure. Ahalari da Ishmawi da Risala sun tsufa a zaurukanmu. Sabon abin shi ne hatimin wata masarauta a kan karatun, kuma hatimin da tsada. Tun kafuwar Izala a 1978 ake ja-in-ja da 'yan ɗariƙa. Manhajar da ta ɗauki sufanci ginshiƙi, daga ƙasar da Shehu Tijjani yake kwance a Fas, ta riga ta zaɓi ɓangare ko ba ta faɗa ba. Saurayin da aka fi so ya ji wa'azin shi zai fara cewa, "Ai malamin gwamnati ne."

Sannan fatawa ba ta tafiya da ƙafarta. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta ƙuntata ƙarin aure ne domin akwai kotu da sarki a bayanta. Da Sarki Sanusi na Biyu ya kawo makamanciyar magana a Kano a 2017, caa aka yi masa, har aka sauke shi a 2020 ba ta zama doka ba. Mai sarauta ke nan, balle limamin ƙauye.

Maroko kuwa ba ta faɗi ba. Sarkinta ya zo Abuja a Disamban 2016 aka ƙulla yarjejeniyar taki da bututun gas, a Janairun 2017 kuma ta koma Tarayyar Afirka. Ban ce limamai ne suka saye mata kujerar ba, amma ba su rage mata farin jini ba.

Shi kuwa limaminmu, a Gwiwa ko Babura, tambayoyin da ke jiransa su ne gonar gado da maza suka hana 'yan'uwansu mata, da bashin damina da ake biya da buhun gero ninki a kaka. Ba shi da albashi. Sau da yawa mai ba da bashin nan shi ne ya yi wa masallacin rufin kwano, kuma a sahun farko yake salla.